Kwance zanin goyo: yadda ƙaramin asibiti zai shirya wa jariri mai rama kafin ya kai wata 6

Talata ce ranar tamowa a asibitinmu. Kafin hantsi mata sun cika gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa, kowacce da yaron da ta kawo. Shekaru na yi ina wannan aiki a nan ƙasar Katsina: in ɗaura zaren awo a damtse, in danna ƙafa, in ƙirga ledar abincin tamowa in miƙa, a kira ta gaba. Wata Talata cikin hunturu na sallami wata mata da ɗanta mai shekara 2, ta juya za ta fita sai na ji kuka daga cikin hijabinta, siriri kamar na ɗan mage. Na ce, "Baiwar Allah, sauko min da wannan in gani." Ta yi jim, sannan ta kwance zanin. Jaririya ce 'yar wata 3, fatar cinyarta ta tattare kamar an sa mata rigar aro. Da na ɗora ta a sikeli ba ta kai kilo 3 ba. Zuwan uwar na shida ke nan wurina, kuma duk zuwan jaririyar na bayanta.

A ranar muka tura su babban asibiti, Allah kuma ya sa da sauran shan ruwanta. Ni dai na kwana da abin a raina. Abin da zan zayyana a nan shi ne gyaran da muka yi daga wannan ranar. Da "ki" zan riƙa magana don mafi yawan masu wannan aiki mata ne. Maza ku yi haƙuri, akwai inda zan zo kanku.

Ban wanke kaina ba, amma tsarin ma da nasa. Shirin kula da tamowa a ƙananan asibitoci da aka fara a Najeriya a 2009 an gina shi ne a kan yara 'yan wata 6 zuwa 59. Jan launin da ke jikin zaren awo, wato ƙasa da milimita 115, nasu ne. Ledar nan mai giram 92 tasu ce, rajistar ma tasu ce. Ɗan ƙasa da wata 6 ba shi da layi a ciki, domin kowa ya ɗauka mai shan nono ba ya tamowa. Alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kacal cikin 100 ke shan nonon uwa zalla kafin wata 6. Sauran ana haɗa musu da ruwa, da dauri, da kunu, da madarar shayi. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da ya rame amma ba shi da wata cuta mai haɗari ana iya kula da shi ba tare da an kwantar ba. A 2023 ta fitar da sabon jagora da ya faɗaɗa maganar: kada a jira sai ya ƙanjame, a nemo duk jaririn da girmansa ke tangal-tangal, kuma a kula da shi tare da uwarsa. Wato duk jariri irin wannan da ya shigo, majinyata biyu gare ki.

Sikeli tukuna

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan jariri ban yarda da idona ba. Kumatu na iya cika alhali cinya ta zube, ga riga uku da hula da safa.

Sikelin rataye mai wando da muka saba da shi giram 100-100 yake tafiya. Ga ɗan shekara 2 ba laifi. Ga jaririn da duk ƙaruwarsa ta mako ba ta wuce giram 150 zuwa 200 ba, wannan sikelin zai iya ce miki ya ƙaru alhali fitsari ne bai yi ba. Sikelin da uwa ke hawa sannan a miƙa mata jariri shi ma haka. Abin da kike buƙata shi ne sikelin kwantar da jariri mai lambobi, wanda ke nuna giram 10 ko 20. In asibitinku na cikin masu samun kuɗin BHCPF, asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ki sa shi cikin tsarin kashe kuɗinku. In ba kwa samu, ki kai maganar gaban kwamitin mazaɓa. Ki sayi batir na ajiya, ki kulle a durowarki, don in kika bar shi a fili tocilan mai gadi zai ci shi.

Ina da wani dutse da na tsinta a bayan asibiti, na wanke, na auna, na rubuta nauyinsa a jikinsa da fenti. Kowace safiya shi ne majinyacina na farko. In sikelin ya ba ni abin da ke rubuce, mu ci gaba. In ya saɓa, na san batir ne ko teburin ne ya karkace.

Tsirara ake auna jariri. Ki shimfiɗa zani a kan sikelin, ki mai da lambar sifiri, sannan a ɗora shi. A cire laya da guru da ɗan kamfai. Cikin hunturu ki rufe taga, ki yi sauri, ki mai da shi jikin uwarsa nan take, don ramammen jariri cikin 'yan mintoci jikinsa ke yin sanyi.

Sauran kayan ba su da yawa: ma'aunin zafin jiki mai lambobi, agogo mai nuna daƙiƙa, zaren awon damtse, allon awon tsawo, ƙananan kofuna masu sauƙin wankewa, sukari a gwangwani mai murfi, da jadawalin nauyi da shekaru na maza da na mata manne a bango daidai idonki. Sai littafin IMCI na jarirai, wato jagorar duba yara marasa lafiya da yi musu magani, a kan tebur, ba cikin kwalin da ke sito ba.

Nauyi ba shi da amfani in ba a san kwanakin jariri ba. In babu katin rigakafi, ki bi ta lissafin da mata ke riƙewa: "An yi suna kafin Sallah ko bayan Sallah? Kin yi arba'in? Ranar wace kasuwa kika haihu?" Ki rataye kalanda mai ɗauke da watannin Musulunci da na Bature tare. Sannan ki duba jadawali. Misali, ɗan wata 3 namiji da bai kai kilo 5.0 ba, ko mace da ba ta kai kilo 4.5 ba, ya faɗa ƙarƙashin layin −2 na jadawalin, wato nauyinsa ya gaza na tsaransa, ya shiga cikin waɗanda za ki sa wa ido. Haka wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5, da bakwaini, da tagwaye, da maraya. Daga mako 6 zuwa sama ki ɗaura zaren damtse, amma kada ki kalli launi, ki karanta lamba: ƙasa da milimita 110 shi ne iyakar wannan rukunin. Wanda tsawonsa bai kai santimita 45 ba babu shi a jadawalin nauyi da tsawo, kada ki ɓata lokaci nema. Ni nauyi da shekaru na fi dogara da shi, don awon tsawon jariri mai wutsil-wutsil sai mutum biyu, kuma kuskure a ciki ba wuya.

Dokar da na kafa ita ce duk jaririn da ya ƙetare ƙofar asibitin nan sai ya hau sikeli, ko da rakiya ya yo. Ranar rigakafi ta fi kowace rana, domin allurar mako 6 da ta mako 10 da ta mako 14 suna kawo miki su da kansu sau uku. Mai rubuta kati a bakin ƙofa ita na ɗora wa alhakin cewa, "A kwance goyo."

Wanda ba na zama ba ne

Kafin kowace hira ta nono, ki tabbatar jaririn ba ya kan hanyar mutuwa. Ramammen jariri ba ya nuna ciwo kamar ƙosasshe. Cuta na iya cin jininsa jikinsa bai yi zafi ba, sai ma sanyi.

Ki buɗe ƙirjinsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya. In bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri, ki sake ƙirgawa don ki tabbatar. Daga wata 2 kuwa, 50 ne iyaka. Ki duba ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki sosai. Ki sa ma'auni a hammata: ƙasa da digiri 35.5 ko 38 zuwa sama alamar haɗari ce. Ki tambayi jijjiga. Ki ga ko yana motsi da kansa, ko sai an taɓa shi, ko ma ba ya yi sam. Ko ya daina kama nono, ko duk abin da ya sha sai ya amayar. Tafin hannu da na ƙafa sun yi ɗorawa saboda shawara. Sannan ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, in rami ya zauna a duka biyun kumburin tamowa ne. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Wannan jaririn na babban asibiti ne, yau. Haka wanda nauyinsa ya ragu a kan awon baya. Wanda kuma ya faɗa ƙasan layin −3, wato rashin nauyi mai tsanani, ko da yana shan nono da kuzari, ni nakan so likita ya gan shi ko sau ɗaya ne. Ki kuma bi abin da ƙa'idar jiharku ta ce a kansa.

Kafin su tashi akwai abu uku. Allurar farko ta jentamaisin da amfisilin ga wanda alamunsa suka nuna cuta mai tsanani, gwargwadon nauyinsa kamar yadda yake a littafin IMCI, kada ki yi ta da ka. Na biyu, kada sukarin jininsa ya faɗi a hanya: in zai kama nono ya sha, in ba zai iya ba a tatso mililita 20 zuwa 50 a ba shi da kofi, in babu nonon ki dama ƙaramin cokali 4 na sukari, a shafe, cikin ruwa mai tsabta mililita 200 ki ba shi daidai wancan adadin. Wanda ba ya iya haɗiya ba a ɗura masa ta baki. Na uku ɗumi: a cire masa riga, a bar hula da ɗan kamfai, a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata, a ɗaure da zani, hijabi ya rufe su. Mata kan yi dariya da farko, wai goyon gaba. Su yi, in dai an ɗaura.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar wayar mai mota biyu da mai babur biyu na rubuce a bangon ofishina da manyan baƙi. In garinku na da direbobin ƙungiyar NURTW da ke ɗaukar mata masu naƙuda a tsarin jigilar gaggawa, ki zauna da shugabansu tun yau ki roƙa su haɗa da jarirai. Ki san sunan ma'aikaciya ɗaya a ɗakin kwantar da masu tamowa, ki kira ta kafin motar ta tashi. Takardar turawa ta ɗauki nauyi, da zafin jiki, da allurar da kika yi da lokacin da kika yi ta. Babban abin da ke tsai da tafiya kuwa ba mota ba ce, izinin maigida ne. Kada ki bar yarinya 'yar shekara 17 ta je ta shawo kansa ita kaɗai. Ki karɓi lambarsa ki kira da kanki: "Malam, ɗanka ne a hannuna, kuma in ya kwana a nan ina tsoron abin da zai faru." In ya cije, mai unguwa ko liman.

Wani lokaci duk da haka ba za su tafi ba. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2015, bayan gwajin da aka yi a wurare da suka haɗa da Zariya da Ibadan da Ile-Ife, kan yi wa jarirai 'yan ƙasa da wata 2 allurar jentamaisin da amoksisilin na sha a ƙaramin asibiti in turawa ta gagara. Wannan sai wadda aka horar, kuma ba dalilin daina lallashi ba ne.

Kujera da labule

Yawancin waɗanda za ki samu ba su da ko ɗaya daga alamun can. Sun dai ƙi gaba ne. Maganinsu ba ya cikin sito. Kada ki ba ɗan ƙasa da wata 6 abincin tamowa na leda, ko da uwar ta roƙa, ko da kakar ta yi fushi. Bai iya haɗiye shi lafiya ba, kuma zai raba shi da nono. Ki ma tambaya ko ana lasa masa na yayansa a gida, don ana yi.

Abin da ya fi sikeli wahalar samu a asibitinmu shi ne wurin da mace za ta zauna ta shayar ba idon jama'a. Na raba kusurwar ɗakin awo da labulen atamfa, na sa tabarma da kujera 'yar tsugunno. Dalili kuwa, mai ɗan fari ba za ta ciro nono a gaban surukarta da layin mata ba. Kunya ba za ta bar ta ta ko kalli fuskar ɗan ba, balle ta gyara masa kamu. Maza masu riƙe da asibiti, a nan ne na ce zan zo kanku: wannan aikin ba zai yiwu da ku kaɗai ba. Ku nemi ungozoma ko 'yar sa-kai mai hankali a koya mata, ta zama idonku a bayan labule.

Kada ki tambaya "Yana shan nono?" ki rubuta "e". Kowa zai ce e. Ki ce ta ba shi ki gani, ki zauna aƙalla minti 4 bakinki a rufe. Ga abin da kike nema: haɓarsa ta taɓa nonon, bakinsa a wangale, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. Kansa da jikinsa a miƙe suke, cikinsa na manne da na uwa, an tallafe shi duka ba wuya kaɗai ba. Mai samun nono yana zuƙa a hankali, da zurfi, ya ɗan tsaya, har ki ji ƙut ɗin haɗiya. Mai tsotsar kan nono kawai sauri-sauri yake yi, kumatu na lotsawa, uwar na yamutsa fuska don zafi. Irin wannan zai wuni a nono ya tashi da yunwa, nonon kuma ya riƙa janyewa tunda ba a kwashe shi. Daga nan sai a ce ba ta da nono.

In za ki gyara, kada ki fizge jaririn ki cusa. Ki nemi izini, ki ɗora hannunki a bayan nata. Ta shafa kan nonon a leɓensa na sama, ta jira ya hangame, sannan ta jawo shi gare ta da sauri. Sau biyu, sau uku, har ta yi da kanta. Na ga matan da a take suka ce, "Malama, yau bai yi zafi ba."

Sai tambayoyi. Sau nawa yake sha dare da rana? Kada ya gaza 8, ƙaramin jariri mai yawan barci kuma a tashe shi duk awa 2 zuwa 3, har cikin dare. Tana barinsa ya gama da nono ɗaya ya saki da kansa? Na ƙarshen ya fi maiƙo, shi ke sa ƙiba, mai sauya masa bayan minti biyu tsinkakken kawai take ba shi. Fitsari sau nawa? Mai ƙoshi yakan yi 6 ko fiye. Ki leƙa bakinsa da tocila: farin abu a harshe da kumatu da ba ya gogewa yana hana kamu, nistatin ko shuɗin maganin nan GV mai rabin ƙarfi na maganinsa, a duba kan nonon uwar ma. Ki duba ganɗa ko a tsage take. Ki tambaya a hankali ko an kai shi wurin wanzami an cire beli, domin jarirai da dama daga ranar suke ƙin nono.

Wanda ya gaji da wuri, uwar ta tatso bayan ya sha ta ƙara masa da kofi. A zaunar da shi a cinya, bakin kofin a kan leɓen ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓe, shi zai lasa da kansa. Ba a zubawa. Da zafinmu kada tatsattsen nono ya wuce awa 4 a ajiye. Fida kuwa ban yarda da ita ba ko kyauta ce.

Kaka

Duk abin da kika faɗa a bayan labule, a tsakar gida za a yanke masa hukunci, kuma ba uwar ce alƙali ba. Don haka nakan ce a zo min da kakar. Ba na yi mata lacca. Nakan ba ta kujerata in ce, "Inna, kin goyi tara, ni uku na goya. Me kika gani game da yaron nan?" A nan za ki ji gaskiya: an zubar da dakashi, ana ba shi ruwa don zafin bazara, an tatsi nonon a ludayi an jefa tururuwa ta mutu, aka ce nonon ba shi da kyau. Wata ta faɗa min haka, na ce, "Inna, don Allah in kin koma ki jefa wata a nonon saniya mu ga ko za ta fito." Ta yi dariya har da tafi. Mako na gaba ita ta rako su.

Kan ruwa, abin da ya fi shiga shi ne in ce fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, don haka uwar za a ba randa, shi ya sha a jikinta. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, duk inda ruwa ko dauri ya zauna nono ya rasa wuri, ga gudawa. Zuma kuwa ba a ba wanda bai shekara ba. Ba na taɓa maganar addini da gatsali. Nakan tuna musu cewa shayarwa shekara biyu cikakku na cikin Suratul Baƙara, aya ta 233.

Sannan ita kanta uwar. Ki auna damtsenta, ƙasa da milimita 230 tana buƙatar ƙarin abinci, ko da yake ramammiyar uwa ma nononta na da kyau, kada a ce ta yaye. Ki duba idonta da tafin hannunta saboda ƙarancin jini. Ki auna hawan jini. Mai jego da ƙafa ta kumbura tana haki ba ta gida ba ce, a tura ta. In ba a yi mata gwajin HIV lokacin awo ba, a yi. Ki yi mata maganar tazarar haihuwa tun kafin kwanika ta same ta. Kuma in kun keɓe ki tambaye ta, "Ke fa, ya zuciyarki? Kina samun barci? Wa ke taya ki aiki?" Uwar jaririyar da na fara da labarinta, sai daga baya na ji mijinta ya tafi cirani Legas tun tana da ciki, ita ke surfe a gidajen mutane tun safe, jaririyar na baya tana barcin yunwa. Ba a gyara wannan da nuna yadda ake kama nono. Ƙanwar mijin muka samu ta karɓi rabin surfen.

In babu uwa

Maraya shi ne mafi wuya. Abin da na fi so shi ne a samu mai shayarwa cikin dangi, a yi mata gwajin HIV, a kuma sanar da kowa an sha nono saboda hukuncin aure nan gaba. Mutanenmu ba baƙin wannan ba ne, kowa ya san Halimatus Sa'adiyya. Matar da ta daɗe da yaye ma nono kan dawo in jariri na tsotsa akai-akai. A ɗakin kwantarwa suna da dabarar da nakan bayyana wa dangi tun kafin su tafi don kada su tsorata: a manna siririyar roba a kan nono, ɗaya bakin a cikin kofin madarar asibiti da aka tsinka, jariri na tsotsa yana samun madara, tsotson kuma na kiran nono. Kwanaki ake yi ana rage ta kofin. Wannan ba aikin ƙaramin asibiti ba ne, madarar F-75 da F-100 da ake ba masu tamowa a ɗakin kwantarwa ma ba kayan raba wa gida ba ne.

In ba makawa sai madarar gwangwani ta jarirai, ki zauna da wanda zai riƙa saye ku yi lissafin wata 6 tun yanzu. Abin da ke kashe su shi ne a fara da ƙarfi, kuɗi ya ƙare, a koma tsinka cokali ɗaya a cikin ruwan cokali uku, ko a koma madarar shayi. Ki sa mai rainon ta haɗa a gabanki da tafasasshen ruwa, da kofi.

Littafi mai bango mai kauri

Tunda rajistar gwamnati ba ta da gurbinsu, na sayi littafi mai bango mai kauri na ja layuka: suna, unguwa, lambar waya, ranar haihuwa, nauyin kowane zuwa, abin da na gani a shayarwa, halin uwa, da abu ɗaya da muka yi alkawari a kai. Ɗaya tak, don mace ba ta riƙe nasiha goma. Suna dawowa duk mako da farko, a sikeli guda, tsirara. Kafin wata 3 ina neman giram 150 zuwa 200 a mako, daga wata 3 zuwa 6 kuma 100 zuwa 150. A wata dai kada ya gaza giram 500. Jaririn da aka haifa jiya-jiya kan ɗan ragu a kwanakin farko, amma zuwa mako 2 ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa. In an zo sau biyu a jere sikeli bai motsa ba duk da an gyara kamu, ba na ƙara jira, akwai abin da ban gani ba, ciwon zuciya ne ko tarin fuka ko wani abu, likita ya duba. Wadda ba ta zo ba, ranar Laraba 'yar sa-kai na ƙofar gidanta.

Ba na rufe layin jariri sai ya cika wata 6. Ranar nan zan ɗaura masa zaren damtse in karanta da launi kamar kowa. In ja ne, ko akwai kumburi, ya koma tsarin tamowa na manya, yanzu leda ta halatta gare shi. In ya tsallake, sai mu zauna da uwar da kakar a kan kunu: a yi shi da kauri, a sa gyaɗa ko waken suya, a ɗiga manja ko man gyaɗa, nono kuma ya ci gaba. Sannan in rubuta ranar allurar ƙyanda ta wata 9 a katinsa, in ce su zo da shi ya sake hawa sikeli.